Ƙarfen da Maman Lawali Ya Kafa a Lungu

Yammacin wata Laraba ce cikin damina, shekarar da gardamar tazarce ta raba majalisun hira gida biyu a Maraɗi, har aboki ya daina shan shayin abokinsa. Hadari ya taso daga gabas, ya zo ya tsaya cak bisa unguwar Zariya, bai zuba ba, bai kuma watse ba. A falon Maman Lawali, wani magidanci mai saida atamfa a babbar kasuwa, mutum biyu ne durƙushe bayan tebur, sun cusa kawunansu cikin wayoyi kamar kaji a juji.

Daga Kano ya sayo kayan: tele mai faɗi kamar ƙyauren shago, da ampili, akwatin ƙara sauti, mai jan bafal, wato lasifika, har biyar, da ƴar ordinata, kwamfuta ta ɗorawa a cinya. Ya riga ya cika baki a majalisarsu cewa ranar Juma'a kowa ya hallara gidansa, za a kalli jawaban ƴan siyasa da wani ya zuba masa cikin ordinatar, a ga bakin kowa ƙato, a ji ƙaryar kowa ta kusurwa biyar. Shi kuwa mutum ne mai barkwanci, wanda ya taɓa saka wa maƙwabcinsa kwaɗo cikin butar alwala. Wanda ya saba yi wa mutane dariya, ba abin da yake tsoro kamar ranar da za a yi masa.

To, tele ta ƙi. Tun la'asar Shamsu mai gyaran kayan kuran, wato wutar lantarki, yake fama. Ya ɗaura waya mai shuɗin kai daga ordinata zuwa bayan tele, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ya cire ya hura ramin ya mayar, ya murɗa ƴan kusoshin gefe, shiru. Ya sake wata wayar. Ya ɗauki telekomand, abin canza tasha daga nesa, ya bi ƙofofin tele ɗaya bayan ɗaya har ya dace da wadda wayar ta shiga, ya danna wasu maɓallai biyu tare a ordinata, sai ga hoto ya faɗo. Amma hoton mai ciwo ne. Wasu baƙaƙen zane-zane suna ta rarrafe daga ƙasan allo zuwa sama, ba hutawa. Da ya haɗa wayar sauti, mai kai ja da fari, zuwa ampili, sai bafal duka suka ɗauki wani ƙugi mai nauyi, kamar an rufe zuma cikin tulu.

"Shamsu, anya tele ɗin nan ba ƴar adawa ba ce?" in ji Maman Lawali. "Na ga ta ƙi jinin jawabi."

Shamsu bai yi dariya ba. Ya zare wayar cajin ordinata daga bango, ƙugi ya ɗauke, zanen ya ɓace. Ya mayar, suka dawo. Ya taɓa bayan ampili da bayan yatsa, ya janye da sauri.

"Patro, ba laihin tele ba ne. Gidanka ba shi da ter."

"Mi ne ne kuma ter?"

"Hanyar da ragowar kuran ke bi ya sauka ƙasa. Gidan da babu ta, kuran da ya yi saura sai ya riƙa yawo cikin kaya yana gunaguni. Sai an kahwa sandan ƙarhe wuri mai laima, a zuba gawayi da gishiri da ruwa, a jawo waya daga bayan ampili a ɗaure mishi."

Ya fito da sandan daga buhunsa, dogo ya kai ƙirjin mutum, da koriyar waya a naɗe, ya jingina su a bango. Ya ce yana da aiki a Jiratawa, sai Asabar zai dawo ya duba wurin da ya dace. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Asabar, bayan Juma'a ke nan. Maman Lawali ya dubi sandan, sandan ya dube shi.

A bayan falon akwai wani lungu tsakanin bangon ɗaki da katanga, matsattse, wanda ko a tsakiyar bazara ƙasarsa da sanyi take. Kaji ba sa tono a nan. Matarsa Tsahara ba ta taɓa watsa ruwan wanke-wanke a wurin ba, ba kuma don wani ya hana ta ba. Laima aka ce, ga laima Allah ya kawo har gida.

Tsahara ta fito daga madafa ta gan shi da guduma, rana ta riga ta faɗa bayan katanga.

"Baban Raihana, magariba ce hwa. Ka bari gari ya waye mana."

"Magariba ta hana aiki ne? Ke dai kawo ruwa."

"Kuma gishirin miyata ne wannan ka kwaso duka?"

"Miyar ƙasa za ni yi. Ita ma ta ɗanɗana hannunki."

Ya zura koriyar waya ta taga, ya riƙe bakinta da haƙoransa don kada ta zame, ya daidaita sandan. Bakin da ke riƙe da waya ba ya bisimilla. Ya ɗaga guduma ya sauke. Ƙasa ta karɓi ƙarfen da kyar da farko, tana turjewa, sai can ya ji ya zurma da kansa, kamar ya huda rufin wani abu mai rami. Wata iska mai sanyi ta fito ta gefen sandan ta taɓa masa idon sawu. A daidai nan ladan ya ɗaga murya. Ya yi sauri ya tona gefen, ya juye gawayi, ya juye gishiri, ya kwarara ruwa, ya ɗaure waya, ya karkaɗe hannu.

Da ya dawo daga masallaci ya kunna kaya, hoto ya fito tas kamar ruwan randa. Babu zane, babu ƙugi. Ƴarsa Raihanatu, ita kaɗai Allah ya ba su, ƴar koleji mai dariya tun kafin ubanta ya gama ba'a, ta yi tsalle tana tafi.

"Baba, wallahi ka fi Shamsu!"

Bai gama washe baki ba aka ɗauke kuran. Wannan ba labari ba ne a Maraɗi. Suka zauna cikin duhu suna jiran Tsahara ta lalubo fitila. Sai dutse ya faɗo bisa kwanon rufi.

Ba irin jifan yara ba ne, mai faɗowa ya gangara. Wannan ya faɗo ya zauna. Wani ya biyo shi. Wani kuma.

"Baban Raihana, wa ka sa?" in ji Tsahara daga bakin ƙofa. "Ka girma da wagga wasa."

"Ga ni zaune gabanki, Tsahara."

"Kai da ke iya shirya abu tun sahe?"

Zai rantse ke nan, sai bafal ɗin da ke kusurwar taga ta yi ɗan tari. Babu kuran a unguwa duka, ko firij ya yi shiru. Daga cikinta wani sauti ya fito, siriri, daga nesa, kamar daga ƙasan rijiya. Kukan jinjiri ne, irin na wanda ya daɗe yana yi har murya ta dushe. Ya bar wannan bafal ya koma waccan, ya zagaye falon a hankali, ya dawo inda ya fara.

Tsahara ta dubi fuskar mijinta a hasken fitila. Shekara da shekaru ta san yadda gefen bakinsa ke rawa in yana ɓoye dariya. Yau bakin a bushe yake. Ta saki salati.

Da suka waiwaya, Raihanatu ba ta wurin.

A bakin lungu suka same ta tsaye, ta naɗe hannuwa a ƙirji kamar mai rungume da jariri, tana jijjiga. Bakinta a rufe, amma daga maƙogwaronta wani ƙugi ke fita, mai nauyi. Maman Lawali ya san ƙugin nan. Shi ne ya ɓata yammacin nan yana neman hanyar kashe shi.

Daga ranar barci ya bar idon yarinyar. Ba ta faɗuwa, ba ta zagi, ba ta fasa kaya. Zama take yi a tabarma, ido buɗe, jajur, hawaye na bin kunci ba tare da kuka ba, in ya bushe ya bar farin zane kamar kanwa. In an kawo tuwo ta sa yatsa a miya ta kai baki, sai ta tofar tana kakari. Likita ya ba da ƙwayar barci wadda ya ce ko ɗan dambe ta kayar, ta haɗiye, ta ci gaba da kallon bango. Kullum rana ta faɗi, jifa ya dawo, kukan ya dawo.

Juma'a abokan majalisa suka zo da shewa. Maman Lawali ya tare su a ƙofar gida ya ce tele ta lalace. Suka yi masa dariyar da yake gudu, har da riƙe ciki, ya tsaya yana kallonsu kamar ba da shi ake ba.

Asabar Shamsu ya zo. Ya cire wayar hoto, ya cire ta sauti, ya raba ampili da bango, ya ɗauke ordinata ya kai zaure. Ya kwance bafal ɗin kusurwa ya ɗora ta a cinya, babu abin da ke haɗe da ita sai iska. Rana na faɗuwa ta yi kuka a hannunsa. Ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai.

"Patro, wannan ba aikina ba ne," ya ce, yana neman takalminsa. "Waya na sani."

Maman Lawali ba wawa ba ne, ya daɗe da zargin lungu. Ya kama sandan ya ja, ko motsi. Ya ɗauko fartanya don ya tone shi. Saran farko, Raihanatu ta ƙwalla ƙara daga ɗaki, ƙarar da bai taɓa jin irinta daga bakin mutum ba. Ya ruga ya same ta dafe da haƙarƙari tana birgima. Ya jefar da fartanyar, ya zauna a ƙasa, ya rasa abin da zai ce. Tsahara ta lura da wannan, domin tun aurensu ba ta taɓa ganin ya rasa ba.

Wuyan yarinyar ya fara ramewa, tafiya sai da bango. Wata tsohuwa a unguwa ta ce kada su tsaya, su nemi Malam Idirisa na Tsibiri.

Da la'asar sakaliya ya iso bisa kabu-kabu, dattijo siriri da lema a hammata. Bai tambayi komai ba. Ya nemi ruwa ya yi alwala, ya sa Tsahara ta lulluɓe yarinyar da babban zane ta riƙe kafaɗunta, ya zauna daga gefen kanta. Bayan sallar magariba ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Hadarin da ya yi kwanaki yana tsaye ya fara motsi. Jifa ya sauka bisa kwano, Malam bai ɗaga kai ba. Ya ci gaba, yana maimaita wasu ayoyi, yana tofawa. Ƙugin maƙogwaron yarinyar ya yi ƙarfi, ya yi ƙarfi, sai ya yanke.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni bisa ƙuna."

Bakin Raihanatu ne ya motsa, amma muryar ta babbar mace ce, a gajiye.

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Maƙwabciya. Na riga tubalin gidanga zama. Na taɓa ɗaukar musu ko allura? Tambaye su."

"To mi ya kai ki jikin ɗiyar mutane?"

Kan yarinyar ya juya a hankali har jajayen idanun suka sauka kan ubanta.

"Tambayi mai guduma. Ina jego. Na kwantar da ɗana na leƙa waje, ya sako ƙarhe ta ruhin ɗakina, babu sallama, babu sunan Allah da zai sa in kauce. Ƙarhen ya bi ta zanen goyo ya kahe shi da ƙasa, ɗana na ciki. Ni ba ni taɓa ƙarhe. Ya bi mu da gishiri, yana zuba mishi cikin ido. Sannan duk ƙugin da ya ishe su a ɗakinsu ya ɗauro a waya ya sauke mana cikin kunne. Ɗana bai runtsa ba. Don mi tashi ɗiyar za ta runtsa?"

Maman Lawali ya matso. "Wallahi ban sani ba. Hoto nike gyara."

"Hoto," in ji muryar. "Ya yi kyau?"



"An zalunce ki," in ji Malam Idirisa, "amma wadda kika kama ba ita ta riƙe guduma ba. Za ki hita."

"A yanka mini baƙin bunsuru bakin lungu."

"Ba a zub da jini don ke. Nemi wani abu."

"To in tahi da idonta guda, madadin na ɗana."

Tsahara ta ƙanƙame ƴarta. Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin yarinyar ya sandare, dugaduganta na bugun tabarma, muryar na kururuwa tana cewa ya bari, ya bari. Maman Lawali bai san lokacin da ya rarrafa ya kama gefen rigar Malam ba.

"Malam, dakata, don Allah. Jikin ɗiyata ne ke shan wuyar." Ya juya ga idanun nan, ya rasa da sunan da zai kira ta. "Maƙwabciya, ni na yi ɓarna. Hwaɗa mini yadda za ni gyara."

Iska ta turo labulen ƙofa.

"Hannun da ya kahe shi, shi za ya cire. Kada wani ya taya ka. Kada wani ƙarhe ya sake taɓa ƙasar nan, ko cokali, saran ranar nan kaɗan ya rage ya raba mini yaro biyu. Ka cire in ɗauki ɗana in bar muku gidanku."

"Ki yi alkawari da sunan wanda ya halicce ki," in ji Malam, "za ki hita ta ɗan yatsan ƙahwa, ba ki bar mata komi, ba ki dawowa."

"Na yi. Amma ku yi sauri. Uban yaron ya tahi fatauci, yau yake isowa, da kiran isha'i." Muryar ta yi ƙasa, kuma a karon farko aka ji tsoro a cikinta. "Ni ana magana da ni, Malam. Shi ba a yi."

Malam Idirisa ya dubi sama ta ƙofa, ya dubi Maman Lawali. "Tashi."

Maman Lawali ya tuɓe agogo da zobe ya watsar, ya nufi lungu. Ya kwance koriyar waya daga kan sandan ya durƙusa. Tsahara ta miƙo masa sakaina, ta koma nesa da fitila saboda ƙarfen jikinta, hasken na isowa da kyar. Ruwan sama ya fara sauka, manyan ɗigo. Sakainar ta yi ƴan yankan ƙasa ta dare gida biyu. Ya jefar ya sa yatsu.

Mai saida atamfa ne, hannunsa bai san abin da ya fi yadi kauri ba. Ƙasar sama ta yi laushi, ta ƙasa yumɓu ce mai tauri, gauraye da gawayin da ya zuba da kansa, kowane da kaifinsa. Farcensa na farko ya tsage. Fatar yatsu ta buɗe. Sannan ya iso ga gishirin.

Ya cije leɓe har ya ji ɗanɗanon jini. Duk damƙar da ya yi, gishirin miyar Tsahara na shiga cikin tsagar naman, yana ci kamar garwashi. Daga falo kukan jinjirin na tashi, yanzu kusa, kamar a ƙarƙashin tafin hannunsa. Bai ƙara jin haushin kukan ba. Ya ji bakinsa na cewa, "Yi haƙuri, yaro, ga ni nan, yi haƙuri," bai san da wane yaron yake ba.

Ramin ya kai gwiwar hannu. Ya kama sandan ya girgiza, ya ɗan motsa, ya ƙi fita. Ruwa na cika ramin yana kwashewa da tafi. Ya kwanta rub da ciki cikin taɓo, ya zura hannu har kafaɗa, yana yaƙushin gindin ƙarfen.

Kajin da ke akurki suka fashe da kyarkyara gaba ɗaya, suka kuma yi tsit gaba ɗaya. Karnukan layin baya suka ɗauka, daga nesa, sannan kusa, kamar wani abu na tahowa gida-gida. Can masallacin unguwa lasifika ta yi ƙara, ladan ya hura ta, fu, fu, yana gwadawa.

"Baban Raihana!" in ji Tsahara.

Ya miƙe bisa gwiwoyi, ya naɗe tsagaggun yatsunsa a jikin sandan, jini da ruwa na sa shi santsi. Ya goge a riga ya sake kamawa. Wannan karon babu waya a bakinsa.

"Bismillahi!"

Ya ja da bayansa duka. Ƙasa ta riƙe, ta riƙe, sai ta saki da wani dogon numfashi. Ya faɗi wanwar, sandan bisa ƙirjinsa. Kukan ya tsaya a tsakiya, kamar an sa wa mai shi nono a baki. Wata iska mai sanyi ta fito daga ramin, ta bi gefen kunnensa, ta haura katanga. Sannan ladan ya ce Allahu Akbar.

Ya tashi da rarrafe ya shiga ɗaki. Malam na riƙe da gefen zanen, yana kallon ƙafar yarinyar. Ɗan yatsan hagu na rawa shi kaɗai, ya yi rawa, ya miƙe, ya kwanta. Raihanatu ta yi atishawa. Karnuka suka yi shiru. Ba abin da ake ji sai ruwa bisa kwano, ruwa zalla.

"Baba?" Muryarta ce, ƴar ƙarama, a shaƙe. "Mi ya sami rigarka?"

Ya ɓoye hannuwansa a baya, ya zauna kusa da ita. "Kokawa muka yi da ƙasa. Ta kada ni, na kada ta."

Gefen bakinta ya ɗan motsa, dariyar ba ta samu ƙarfin fitowa ba. Sai ta buɗe baki ta yi hamma, doguwa, har da hawaye. Ta jawo jiki ta ɗora kai bisa cinyarsa mai taɓo, idanun suka lumshe, suka buɗe, suka rufe. Numfashinta ya daidaita.

Malam Idirisa ya ɗauki lemarsa ya fita zaure yin salla, yana taka ƙasa a hankali. Tsahara ta shigo da ruwan ɗumi a ƙwarya da tsumma, ta durƙusa, ta ga hannuwan, ta toshe bakinta.

"Kawo in wanke maka gishirin," ta ce da raɗa.

Maman Lawali ya riƙe hannuwan a sama, nesa da kan yarinyar, suna ɗiga a tabarma. Ya girgiza kai.

"Bari tukuna. In na motsa za ta farka."